Gwangwanin Tumatir Mai Tabon Ƙusa

Yayata ta rasu ranar wata Talata cikin bazara, ana kiran azahar. Ni a lokacin ina zaune bisa dutse a gefen hanya, can bayan Buza, ina kallon ɗana yana murza fedar mobilet ɗinmu, ƙaramin babur, wadda ta riga ta mutu. Tun da safe ta aiko in zo, kuma ban yi jinkiri ba, ko furar safe ban tsaya sha ba. Abin da ya hana ni iske ta da rai bai cika gwangwanin tumatir ba. Zan faɗe shi yadda ya faru, wanda ransa zai ɓaci ya ɓaci.

Ita ta raine ni. Uwarmu ta rasu ina rarrafe, Yaya ta ɗauke ni ta goya, ita kanta ba ta gama iya daka ba. Da munka girma anka kai ta aure wani ƙauye bayan Buza, ta hanyar Tabotaki, ni kuma anka kawo ni nan gefen Karofane. Tsakaninmu duwatsu ne da kwazazzabai, a kan jaki yini ne cur har da ɗoriya. Shekarun farko sai haihuwa ko rasuwa ke haɗa mu. Da na haifi ɗan fari, wurinta anka kai shi yaye, ya zauna hannunta har ya yi famfara. Inna Babba yake ce mata. Shi ne wannan mai murza feda.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, wanzami ne. Ƙauyuka bakwai ko takwas shi ke musu askin suna da ƙaho, kuma da ƙafa yake zagaya su, har shekarar da gero ya yi kyau ya sauka Madawa ya dawo da mobilet. Shuɗiya ce, mai feda kamar keke, ana murzawa har injin ya kama. Irin wannan inji ba ya shan esansi, wato fetur, zalla, sai an gauraya masa da man inji, domin ba shi da wani wurin ajiye mai daban. Abin da ya sha shi ke shafe masa ciki. A Madawa akwai famfon da ke fitar da melanji a haɗe, mutum ya faɗi yadda yake so a murɗa masa. Mu nan ba mu da famfo. Esansinmu na kwalba ne, wanda ake hawowa da shi daga kudu, kowa ya haɗa nasa a gida.

Sati guda da sayenta ya je askin suna, kakar jinjirin ta sunsuni hannunsa ta ce ba za a taɓa kan jikanta da warin esansi ba. Ya wanke da toka, ya wanke da sabulu, tsohuwa ta ce har yanzu tana ji. Ya dawo gida fuska a murtuke, ya rataye zabira ya ce mini, "Daga yau ke za ki riƙa ba mobilet abincinta. Ni hannuna na aska ne."

Na ce, "To ni nawa na tuwo ne. Ku za ku ci warin."

Ya ce, "Mun ci abin da ya fi shi, ba mu mutu ba."

Ran kasuwa ya ɗauke ni har Madawa wurin wani tsohon makanike da ke aiki gindin itacen bedi. Tsohon bai yi mini dariya ba. Ya tsinci ƙaramin gwangwanin tumatir a ƙasa, ya goge shi da gefen riga, ya auna mai da wata kwalba mai zane-zane irin ta likita ya juye a ciki. Inda man ya tsaya ya sa farce, ya juye man, ya ɗora ƙusa daidai wurin ya buga da guduma sau ɗaya, gwangwanin ya lotsa.

Ya ce, "Uwargida, litir guda na esansi, mai iya wanga tabo. In rana ta yi zahi, ko za a hau dutsi da mutum biyu, ki ɗara kaɗan. Amma kada ki taɓa ragewa. In ya yi yawa hayaƙi za ta yi, a goge buji mai ba inji wuta a wuce. In ya yi kaɗan, sai sabon inji."

Shekara ashirin da wani abu ina wannan aiki. Ba a tanki nake haɗawa ba, a kwalba. In zuba esansi kaɗan, in zuba man a kansa, in toshe da ɗan yatsa in girgiza har launin ya zama ɗaya, sannan in cika in sake girgizawa. Mai kuma ba iri ɗaya ba ne. Akwai na mota, mai kauri, wanda anka yi don ya zauna cikin inji yana yawo. Shi in an ƙona shi kunkunniya yake bari, ya toshe bututun hayaƙi. Akwai wanda anka yi don ya ƙone tare da esansi, makanikai na ce masa de-tan, shi ne nata. Akwai kuma wanda ba a san ubansa ba, baƙin man da anka juye daga mota an tace da tsumma, ko mai kyau an tsinka shi da kalanzir don ya yi auki. Ban taɓa shiga lakwal ba, makarantar boko ke nan, ban iya karanta abin da ke jikin kwalba ba. Amma in na ɗiga shi tsakanin babban yatsa da manuni, na murza, na buɗe a hankali, na kirki yana jan zare kafin ya tsinke. Na banza watsewa yake kamar ruwan tsari.

Ran Juma'a maigida yakan kwance buji ya miƙo mini da tsumma, shi ba ya taɓawa. In bakinsa ya yi launin gyaɗar da anka soya daidai, na san ta ƙoshi. In baƙi ne da danshi, hannuna ya yi nauyi. In ya yi fari kamar toka, to tana jin ƙishi, kuma wannan sau ɗaya na taɓa ganinsa, shekarar da na yi jinyar ido wani ya haɗa masa. Maza sunka riƙa turo matansu da kwalabe in duba musu mai kafin su zuba. Ba wanda ya taɓa cewa a fili wurina anka zo, sai a ce an zo aron rariya.

Ladan aikina shi ne Yaya. Duk wata sau ɗaya maigida ya ɗora ni a baya mu kama hanya. Akwai wata hawa bayan Buza, doguwa, duk tsakuwa. In mun iso ta sai in sauka in taka da ƙafa, shi ya taimaki injin da feda, mu haɗu a sama. Yaya takan ce tun muna kan tudun ƙarshe take jin mu, wai muryar mobilet ɗinmu daban take, kamar wadda ta sha man shanu. Kafin mu tsaya ta riga ta dama fura.

Da maigida ya rasu anka jingine mobilet a rumfa anka rufe da zana. Shekara biyu tana nan, kaji na kwana a kanta. Cikin shekarun nan sau biyu kaɗai na ga Yaya, a motar kasuwa, kuma zuwan ƙarshe na iske ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya fita tsakar gida sai an riƙe ta. Sannan ɗana ya dawo daga Abijan, inda ya yi shekaru yana gadin wani gareji, ya dawo ke nan zai riƙe gidan ubansa. Ya ɗora mobilet a amalanke ya kai Buza anka gyara, anka sa mata sabbin tayoyi. Ranar da na ji muryarta ta shigo gari na shiga ɗaki na zauna bakin gado, na daɗe ban fito ba. Na yi murna. Ban iya gaya masa ba.

Ɗan fari ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. In ina da magana sai in gaya wa matarsa, ko in fuskanci bango in ce, "A gaya wa masu gida katangar baya ta tsage," yana tsaye yana ji. Haka na taso na ga ana yi, kuma ban ga wanda hakan ya rage wa komai ba. Saboda haka na fiddo gwangwanina na wanke, na ɗora shi bisa sirdin mobilet, na san in ya gani zai gane.

Da safe ina cikin zaure na hango shi ƙofar gida da abokansa uku. Ya sauke gwangwanin ya ajiye a ƙasa. Yana riƙe da wata 'yar kwalbar roba ruwan ɗorawa, yana zuba mai a marfinta yana juyewa cikin litir guda. Marfi ɗaya, marfi biyu, ya rufe. Na kira surukata na ce ta gaya masa bai isa ba. Ta je ta dawo ta ce, "Inna, ya ce ya sani."

Sai na fita da kaina. Na ɗauki kwalbar, na ga zoben marfinta a tsinke tun ba yau ba, ya yi datti. Na ɗiga a yatsa na murza na buɗe. Ba zare. Na kai hanci, kalanzir.

Na ce, "Wanga mai an tsinka shi. Kuma ko na kirki ne, marhi biyu ba ya isarta."

Shekara arba'in da haihuwarsa, wannan ce maganar farko da na yi masa kai tsaye gaban mutane.

Ɗaya daga cikin abokan ya ce, "Kai kuwa, da makanike cikin gida kake wahalar kai ta Buza?"

Sunka yi dariya. Ɗana ya ce, "Inna, wannan ba irin na zamanin Baba ba ne. Ga shi a rubuce, biyu cikin ɗari. De pursan. Waɗanda sunka yi shi sun fi mu sanin abinsu."

Na ce, "Sun yi kwalba. Wa ya ga sun zuba abin da ke ciki? Ina anka saye shi?"

"Bakin tasha."

"To mai bakin tasha shi ya cika ta."

Wani dogo cikinsu, wanda na san ranar da anka haife shi, maigidana ya yi masa askin suna, ya ce, "A bar Inna ta ɗanɗana muna, ta hwaɗi ko gishiri ya ji."

Sunka sake fashewa. Na ga kunnen ɗana ya yi zafi, kuma na san da mu biyu ne da ya saurara. Amma ya zaɓi ya yi dariya tare da su. Ya ɗauki gwangwanin ya jujjuya shi ya ce, "Wannan ko akuya ba a ba ta magani da shi. Inna, koma ciki ki huta, ki bar muna aikinmu. Gwangwani a kai shi madahi." Ya cilla shi wajen zaure, ya gangara ya tsaya jikin dokin ƙofa.

Maza huɗu suna zaune. Ni na duƙa na ɗauka.

Daga ranar na koma wa bangona, kuma ko bangon ban ƙara yi wa maganar mobilet ba. Amma kunnena bai toshe ba. Kullum in ya tayar da ita ina jin muryarta tana bushewa, tana sirancewa, kamar dutsen niƙa da hatsi ya ƙare masa. Hayaƙin nan shuɗi-shuɗi da ke bin ta ya ɓace. Shi kuwa abin alfahari ne a wurinsa, ina ji yana gaya wa mutane, "Kun gani, ko hayaƙi ba ta yi." Wata rana ya kwance buji ya manta shi bisa katanga ya shiga wanka. Na leƙa. Fari fat.

Ina da rabin kwalbar mai na kirki, sauran na ƙarshe da maigida ya sayo, a ƙasan tukunyar da nake ajiye kanwa. Surukata ta san da shi. Yarinya ce mai hankali, ban taɓa samun ta da laifi ba. Ta same ni ina sussuka ta ce, "Inna, in ya tahi masallaci ki zuba mata a tanki mana. Wa zai sani?"

Na ce, "Ni ba ɓarauniya ba ce da zan yi gyara a ɓoye."

"To ni in zuba."

"Ke kin san iya inda ake tsayawa? Shi zo shi tambaya. Inda ya cilla gwangwani nan zai tsaya shi tambaya."

Ga abin da ke raina, ba zan ɓoye ba. So nake ta mutu masa a kusa, tsakanin nan da Karofane, ya turo ta da hannu ya shigo gari abokansa suna kallo. Daga nan ya zo. Na ɗauka kwana goma za ta yi. Amma tafiyarsa duk gajeru ne, gona, kasuwa, gaisuwar rasuwa, kafin injin ya yi zafi ya isa. Ta yi wata biyu tana jurewa. Zuwa wurin Yaya kuma kullum sai ya ce an gama gyaran gona tukuna, ni kuwa ban matsa ba, don kada ya ce roƙonsa nake.

Ranar Talatar nan da hantsi salularsa ta yi ƙara. Ɗan Yaya ne. Ina jin muryarsa daga inda nake, yana cewa jikin ya tsananta tun jiya, ba ta cin komai, ba ta kiran kowa sai ni. Ya ce in za a zo a zo yau. Motar kasuwa ba ranarta ba ce. 'Yan kabu-kabun garinmu biyu ne, duk sun fita tun sassafe. Ɗana ya fiddo mobilet, ya ce wa matarsa, "Gaya mata ta shirya."

Na ƙunsa zane biyu da goro da ɗan tulun ruwa na roba. Sannan na buɗe tukunyar kanwa na ɗauko rabin kwalbar nan da gwangwanin, na sa su tsakiyar ƙunshin na ɗaure. Na san hanyar, na san hawan da ke gabanmu, na san irin ranar da za a yi. Na ce a raina yau kam zai tambaya. Inna Babbarsa ce a kwance, ba zai yi wasa ba. Da na fito na iske ya riga ya cika tanki. Na hau, na ɗora ƙunshin bisa cinya. Tunda nake ban taɓa zama kusa da shi haka ba, har ina jin warin zufarsa, irin na ubansa.

Munka isa Buza rana ta take. Ya tsaya wurin masu esansin kwalba ya ƙara litir guda. Ya zaro 'yar kwalbarsa ruwan ɗorawa daga aljihu, marfi ɗaya, marfi biyu. Ina tsaye gefe, zafin injin yana bugun ƙafata daga nesa, yana wani ƙas-ƙas shi kaɗai. Na sa hannu cikin ƙunshin. Yatsana yana kan tabon ƙusar. Wallahi na buɗe baki.

Sai ya juyo ya ce, "Inna, kin gani ko? Ga mu Buza lahiya lau, ba gwangwani."

Da murmushi ya faɗa. Na sha juya maganar nan, kuma ina jin so yake ya sauƙaƙa mini zuciya, ya ga tun gida ban ce uffan ba. Amma mai esansin ya yi dariya ba tare da ya san abin da ake wa dariya ba. Na zare hannuna. Na gyara lulluɓi na hau.

Da munka iso hawan na taɓa kafaɗarsa alamar in sauka, yadda nake yi da ubansa. Ya ce, "Zauna, ba lokaci. Za ta hau." Ya murɗe mata wuya har ƙarshe. Ta hau kashi ɗaya, ta hau na biyu, muryarta tana ƙara sirancewa har ta koma kamar kukan sauro a kunne. Sai ta yi wata ƙara ta ƙarfe, ta dafe kamar an riƙe ta ta baya, ta yi shiru. Ba mu faɗi ba, ya kafa ƙafafu. Ba gida, ba itace, sai duwatsu baƙaƙe da rana.

Ya ce zafi ne, ta huce. Munka jira. Ya murza feda, ta ƙi juyawa. Ya ƙara jira, ya murza, ta juya amma fayau, ba abin da ke kamawa a ciki. Ya fiddo sufana ya kwance buji, ya ƙone shi a yatsa, ya yar. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ko akwai tsumma?"

Na kwance ƙunshin in yago masa gefen tsohon zane. Kwalbar ta zame ta faɗo kan tsakuwa, gwangwanin ya biyo ta.

Ya daɗe yana kallonsu.

"Inna, mi ne ne wannan?"

"Mai ne."

"Na Baba?"

"Nashi."

"Tun gida shina cikin ƙunshinki?"

"Tun gida."

"Har Buza. Kina tsaye ina zubawa."

Na dubi saman tudun. Na ce, "Ba a tambaye ni ba."

Ya duƙa. Ya ɗauki bujin da gefen rigarsa, na ga bakinsa fari da ɗigo-ɗigon ƙarfe masu ƙyalli, na san an gama. Shi ma ya sani, ya yi shekaru a gareji ko da gadi ne. Duk da haka ya buɗe kwalbar ya juye ta duka a tanki, ya girgiza mobilet ɗin, ya mayar da buji, ya ɗaga ta bisa ƙafarta ya hau yana murza feda. Ya murza har rigarsa ta jiƙe ta manne masa a baya. Na zauna bisa dutse ina kallonsa. Salula ba ta kamawa a wurin. Inuwata ta shige ƙarƙashina ta fara fitowa ta ɗaya gefen, kuma daga baya da anka gaya mini lokacin da Yaya ta cika, na gane daidai nan ne.

Babura biyu sunka wuce, kowanne da mutum uku da kaya. Wanda ya ɗauke mu wani makiyayi ne mai amalanken jaki, ya fito Buza da buhun dusa. Bai tambaye mu komai ba, ya dubi mobilet ya dube ni ya ce, "Hau, Inna." Anka ɗora ta a baya anka ɗaure, ɗana ya bi mu da ƙafa. Jakin tafiyarsa yake yi. Ba a gaya wa jaki ana jiran mutum.

La'asar ta yi sakaliya munka hango garin. Kafin mu shiga munka gamu da maza suna dawowa daga gabas, wasu da fartanya a kafaɗa, biyu suna ɗauke da makara ba kowa a kanta. Ɗana ya zauna nan tsakiyar hanya ya rufe fuska da hula ya yi kuka irin na yara. Ni na sauka na gode wa makiyayin, na shiga gida da ƙafafuna.

Ɗiyar Yaya ta kai ni ɗakin. An riga an naɗe tabarmar. Ta ce tun hantsi duk babur ɗin da ya wuce sai Yaya ta buɗe ido ta saurara, ta ce, "Ba su ba ne. Tasu muryarta da taushi." Ta ce Yaya ta sa an dama fura an rufe. Sun tambaye ta ko akwai saƙon da za ta bari, ta ce, "Sai ta zo." Ƙwaryar tana nan a kusurwa da faifai a kanta. Ban buɗe ba.

Mutane sun yi ta gaya mini kwananta ne ya ƙare. Na sani, ni ba jahila ba ce ta nan wajen. Ko da jirgi na zo da ta tafi. Amma da ta tafi hannunta cikin nawa, kuma da na ji abin da ta ajiye mini. Yanzu ba mai sani. Ko wata tsohuwar magana ce ta uwarmu, ko dai kawai ta ce in gyara mata filo.

Mobilet tana can bayan rumbun Yaya, ba wanda ya je ɗauko ta. Surukata ta ce mijinta yana cewa laifinsa ne. Wasu matan unguwa kuma, waɗanda labarin ƙunshin ya kai musu, suna cewa nawa ne, ba dai a gabana ba. Ni abin da na sani, ya cilla gwangwanina, maza huɗu na zaune ni na duƙa na ɗauka, kuma har yau bai ce mini komai a kai ba. Na kuma san nauyin rabin kwalba bisa cinya daga Karofane zuwa Buza. Duk biyun suna nan, ɗaya bai goge ɗaya ba.

Ya sayi sabon babur, irin na yanzu, mai daban esansi daban. Ya aiko matarsa ta ce duk inda nake son zuwa a kai ni. Na ce ta tambaye shi ina.

Bana da kaka ya sayo ƙaramin gurup, injin wutar nan da ake cajin salula da shi. Ashe shi ma melanji yake sha. Ina tsinkar zogale surukata ta zo ta durƙusa nesa kaɗan, ta daɗe tana wasa da gefen zanenta. Ina ganin inuwarsa cikin zaure.

Ta ce, "Inna, ya ce a tambaye ki, mai nawa ake zuba mishi?"

Na ce, "Ban san gurup ba. Mobilet na sani."

Ba ta tashi ba. Inuwar ma ba ta motsa ba. Na ajiye zogalen na shiga ɗaki, na buɗe tukunyar kanwa na ɗauko gwangwanin na miƙa mata. Ta jujjuya shi ta ce, "Iya ina za a tsaya?"

Na ce, "Akwai alama a jiki. Ya iya karatu."